Shekara Shida da Na Tone da Bakina

A unguwarmu ta Konni akwai magana guda da kowa ya sani kuma babu mai faɗinta, ita ce shekarun ɗan'uwana ɗan ƙwallo. Liman ya sani, mai shagon bakin titi ya sani, tsofaffin matan da suka yi wa uwarsa zaman suna sun sani. Shekara da shekaru bakin kowa a ɗinke. Sai ni, malamin lakwal, wato makarantar boko, wanda ya kamata a ce ya fi su hankali, na zo na kwance ta cikin abin da bai kai minti ɗaya ba.

Na ce ɗan'uwana, amma ba ciki ɗaya muka fito ba. Katanga ce kawai tsakanin gidanmu da nasu. Rana ɗaya aka haife mu, rana ɗaya aka raɗa mana suna, har iyayenmu maza suka haɗa taron a ƙofar gida guda don kada a wahalar da mutane. Ba a yi arba'in ba uwata ta kwanta ciwo, nononta ya ƙafe, sai uwarsa ta ɗauke ni ta haɗa mu a cinya. Ita nake kira Inna har yau. Tare muka tashi, akushi ɗaya, tabarma ɗaya, duka ɗaya idan mun yi laifi. Ni na bi boko, shi ya bi ƙwallo. Ƙafarsa ta hagu kuwa, wallahi ba don ɗan'uwana ne nake faɗi ba, ban taɓa ganin irinta a filin Konni ba.

Bayanmu da shekara shida Inna ta sake haihuwar namiji. Aka yi masa takardar haihuwa, ya yi wata takwas a duniya, ƙyanda ta ɗauke shi. Babu wanda ya je buro, wato ofishin hukuma, ya ce a rubuta ya rasu. Wa ke tuna buro ranar da ya binne ɗansa? Takardar ta zauna a ƙasan akwatin Inna. Da ɗan'uwana ya kai ƙarfi, wani mutum mai kai ƴan wasa ƙasashen waje ya gan shi a Yamai, ya ce ƙafar ta yi, shekarun ne suka yi yawa, Turawa yara suke nema. Babban wanmu, ɗan farin Inna, direban kamyo ne, babbar motar siminti, a Malbaza, mutum mai ƙarancin magana da manyan hannuwa. Shi ya buɗe akwatin. Tun daga ranar ɗan'uwana ya koma yawo da sunan ƙanensa da shekarun ƙanensa. A gida muna kiransa da sunansa na yanka, a tele ana kiransa da ɗayan. Inna ba ta taɓa zama ta kalli wasansa ba. Da zarar mai sharhi ya ambaci sunan, sai ta tashi ta ce ta bar abu a wuta.

Ya tafi wata ƙasar Turawa mai sanyi. Ƙungiyar ba babba ba ce, amma mu a Konni ko ina ya buga ai tauraro ne. Ya yi wa Inna ɗakin siminti, ya ja mata famfo, shi ke riƙe da maganin hawan jininta. In ya zo hutu sai mu zube a zauren gidansu, yana tsokanar tumbina, ina tsokanar askinsa, mu yi ta zagin juna irin na tsara har Inna ta leƙo ta ce mu ji tsoron Allah.

Shekarar da nake ba da labari kwantiraginsa yana ƙarewa. An kawo sabon koci, kuma an ce kafin sabuwar kakar wasa ƙungiyar za ta fitar da jerin waɗanda za ta riƙe da waɗanda za ta sallama. Ana cikin wannan ne ɗan'uwana ya tafka tasa. A wani wasa koci ya fidda shi ana tsakiyar yi, shi kuwa ya tuɓe riga ya yi jifa da ita a gaban kowa, ya wuce ciki abinsa. Kafin gari ya sake wayewa hoton ya shiga kowace salula a Konni.

Fadarmu, inda muke shan shayi muna musun ƙwallo tun muna samari, neman abinci ya watsa ta. Wasu suna Yamai, wasu Sakkwato, ni an tura ni koyarwa Badagishiri. Abin da ya riƙe mu shi ne gurup a salula. Kuma mu ba mu cika rubutu a gurup ba, bokal muke yi, wato mutum ya danna ya zuba magana da muryarsa. Ranar nan bokal ya yi ta sauka kamar ruwan marka. Wani ya ce a kore shi, wanda ya jefar da riga ya jefar da tuwonsa. Wani ya ce kocin ne ɗan wariya, baƙar fata ce ba ya so. Wani ya ce dama tun da yaron nan ya fara rina gashi ya san ƙarshen ke nan. Wani mai gyaran kabu-kabu, wanda bai taɓa wuce Dogon Dutsi ba, ya yi minti huɗu yana karanta mana abin da ke cikin kwantiragin sala-sala, kai ka ce shi ya rubuta.

Ni ma raina a ɓace yake da ɗan'uwan nawa, amma ba shi ya tunzura ni ba. Akwai wani ma'aikacin buro da aka turo Konni daga gabas, bai shekara ba, aka sa shi a gurup don yana zama fada. Mutumin kirki ne, sai dai yana magana a hankali yana jan kalma kamar mai ba da darasi, abin da ni ba na jurewa daga kowa, don aikina ne. Ya yi bokal ya ce mu yi wa yaron uzuri. Ɗan shekara ashirin da biyu me ya sani? Ƙuruciya ce. Shi ya daɗe yana bin wasan yaron, ya san halinsa, in an ba yaron shekara biyar zai yi hankali. Yaron, yaron, yaron, har sai da na ji kunnena yana zafi.

Ina zaune a gindin bishiya a filin lakwal, lokacin hutun ƙarfe goma, hannuna duk alli. Bari in faɗi gaskiya, tunda ɓoye ta ba shi da sauran amfani: ba fushi kaɗai ba ne. Akwai son a san ni na fi kowa saninsa. Akwai kuma ƙyashi, ɗan kaɗan, irin wanda mutum ba ya yarda yana da shi. Ni ga ni da tumbi, da ƴaƴa biyu, sanƙo ya fara leƙowa, ana ce mini Mushe kamar yadda ake ce wa kowane malamin lakwal, shi kuma da muka sha nono ɗaya yana can ana ce masa yaro ana nema masa uzuri. Na danna salula.

"Kai, don Allah ku raba mu da yaro! Wane yaro? Ni za a gaya wa shi? Na rantse da Allah rana guda anka haihe mu, rana guda anka yi muna suna, nono guda munka sha. Ni yanzu shekarata ashirin da takwas, da ɗiya biyu. Ƙato ne, ya san abin da ya yi, ku bar ce mai yaro!"

Na saki. Har na yi murmushi, na ce yau na rufe bakin baƙo.

Gurup ɗin da ke ta ɓarin magana tun safe ya yi tsit. Minti biyar, minti goma, babu wanda ya tanka. Sai salula ta yi ƙara. Shugaban fadarmu ne, tela, mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Ko sallama bai yi ba. Ya ce, "Mushe, ka haukace? Goge! Goge shi yanzu!" Na goge. Amma gurup ɗin cike yake da mutane, kuma ba duka ne ƴan unguwarmu ba. Magana zarar bunu ce, ni da kaina na sha koya wa ɗalibai wannan. Na koma aji na ba su lissafi, na zauna ina kallon ƙofa.

Kwana biyu ban ji komai ba, har na fara ce wa kaina Allah ya rufa asiri. Rana ta uku ranar kasuwar Badagishiri ce. Na je sayen albasa, ina tsugune ina zaɓe, sai na ji wani a bayana yana cewa, "Wane yaro? Ni za a gaya wa shi?" Muryata ce. Na waiga. Ƴan kabu-kabu ne su huɗu sun haɗa kai a kan salula guda, suna dariya suna sake kunnawa. Ba su san ni ba. Ɗaya ya ce, "Dama na hwaɗi, dubi ƙwaurinai, wanga ai ya ga jiya." Wani ya ce, "Amma mai maganar ga ɗan baƙin ciki ne. Da ni ne ɗan wasan, sai na sa an karya shi." Na bar albasar a faifai na miƙe. Mai albasa tana kirana, "Mushe, ba ka ɗauka ba," ban waiga ba.

Da yamma wani abokin aikina ya nuna mini abin da ya fi wannan. An ɗora muryata a kan hoton ɗan'uwana, an rubuta fassararta da Faransanci a ƙasa, kalma bayan kalma, har da rantsuwar, an sa a wani shafi na masu tsegumin ƙwallo. A ƙarƙashi mutane suna ta faɗin albarkacin bakinsu, mutanen da ba su san ko ina Konni take ba. Wannan ya ce a auna ƙashinsa. Wancan ya ce a hana shi wasa har abada, shi da duk irinsa da ke cin abincin yara. Wani ya ce a can ƙasar takardar ƙarya ba maganar ƙwallo ba ce, maganar ƴan sanda ce. Wannan na ƙarshen shi ya fi tayar mini da hankali. Ni da nake tsoron a sallame shi, ashe sallama ce mai sauƙin. Abokin aikin nawa ya dube ni, na dube shi, ya mai da salularsa aljihu.

Na kira ɗan'uwana, bai ɗauka ba. Na sake, na sake. Na yi masa bokal na ban haƙuri, na goge kafin in tura, don yanzu muryata tsoro take ba ni.

Tsoro ya hana ni sakat. Na daina cin tuwo. Matata ta tambaye ni sau biyu, na ce zazzaɓi ne, ta dafa mini ganye na sha don a zauna lafiya. A sallah ina kai goshi ƙasa ban san ko raka'a ta nawa nake ba. Abin da nake gani kullum guda ne: ɗan'uwana ya sauko daga mota a tashar Konni da jaka ɗaya, Inna tana tsaye, kuma duk garin ya san bakin wa ya dawo da shi. Asabar ta zo, ranar da na saba zuwa Konni gaida iyaye, na ce babur ɗina ba lafiya. Ta biyu ma haka.

Lakwal ɗinmu tana bakin babbar hanyar Tawa, kuma motocin siminti daga Malbaza ba su yankewa a kanta. Da can ko jin su ba na yi. Yanzu da na ji ƙugin kamyo daga nesa sai alli ya tsaya a hannuna, in kasa kunne har ya wuce. Ban san abin da babban wanmu zai yi mini ba, kuma rashin sanin ne ya fi cin raina. Bai taɓa dukana ba ko muna yara, amma na taɓa ganin ya ɗaga tayar kamyo shi kaɗai ya jefa a bodi.

Wata Laraba, wajen sha ɗaya, wani kamyo ya rage gudu, ya saki iska, ya tsaya. Na leƙa ta taga. Shi ne, fari fat da ƙurar siminti har gira, yana tahowa a hankali. Direktanmu, shugaban lakwal, ya tare shi, suka yi magana, direkta ya nuno ajina. Wallahi sai da na duba tagar baya, na auna ko tumbina zai wuce.

Ya tsaya a bakin ƙofa. Na ce, "Yaya, sannu da zuwa. An zo lahiya?"

Ya ce, "Na roƙa maka izini. Taho mu tahi gida."

Ya sauke kaya a Tawa ne, yana komawa wayam. Na hau gaba na takure a jikin ƙofa. Muka bar gari, muka wuce lambunan fadama. Na fara, "Yaya, wallahi ni ban yi nuhin..." Ya ɗaga yatsa ɗaya daga kan sitiyari, na haɗiye sauran. Da ma ya zage ni, da na ji sauƙi. Sai da muka kusa mararrabar Tsarnawa, inda hanya ta rabu, hagu Malbaza, dama Konni, sannan ya yi magana, idonsa a kan kwalta.

Ya ce ƙungiyar ta ji. Ta rubuto wa mutumin nan da ya kai ɗan'uwana, ta ce kafin ta fitar da jerin sunaye tana son bayani. Takarda ba ta da aibu, takardar gaskiya ce. Muryata ce matsalar, don na yi rantsuwa, kuma na faɗi abin da sai na gida ke sani. Mutumin ya ce mafita ɗaya ce: a ɗauki hoton uwar tana magana, a ɗauki mai bokal yana magana, bakinsu ya zo ɗaya.

Na ce, "In ce ƙarya na yi? Wallahi sai in ce. In ce ni mahaukaci ne ma sai in ce."

Ya ce, "Ba ta isa. An san an yi suna biyu rana guda. Sai dai a ce wanda anka yi ma suna tare da kai, shi ne ya rasu."

Ban gane ba da farko. Da na gane sai na riƙe ƙarfen ƙofa. Na ce, "Inna ta sani?"

Ya ce, "Tun shekaranjiya take azumi."

Muka iso bayan azahar. Gidan shiru, an tura kowa maƙwabta. Inna tana zaune a tabarma a ƙofar ɗakinta, ta yi lulluɓi, carbi a hannu. Na durƙusa tun daga bakin zaure na ja gwiwa har gabanta. Na ce, "Inna, ki yahe mani." Ta dube ni ta ce, "Ka ci abinci?" Na ce na ci. Ta ce, "Ƙarya kake, ka rame."

Babban wanmu ya fito da salula. Ya gaya mata mutumin yana son ta dafa Alƙur'ani. Ta ce, "Wannan kam a'a. Bakina za ni ba ku, ba ni ba ku lahirata." Bai ja da ita ba.

Ya danna, ya gyaɗa mata kai. Ta faɗi cewa ita ce uwar ɗan wasan, ta ce ta taɓa haihuwar namiji rana ɗaya da maƙwabciyarta. Da ta zo kan sunan, sunan yanka na ɗan'uwana, wanda take kira in za ta miƙa masa fura, sai muryar ta ƙi fita. Leɓɓanta suna motsi, babu sauti. Babban wanmu ya kashe. Muka jira. Kaza ta ratsa ta kan tabarmar, babu wanda ya kore ta. Karo na biyu ta kai ƙarshe, amma sai ta faɗi gaskiya ba da niyya ba, ta ce ƙaramin ne ya rasu. Ya ce, "Inna, ba hakanan ba." Ta ce, "Na sani. Bakina ne bai saba ba."

Karo na uku ta gyara zama, ta kalli salular, ta faɗa tiryan-tiryan. Ta ambaci sunan ɗanta mai rai, ta ce ƙyanda ta ɗauke shi yana wata takwas. Ta ambaci sunan wanda ta binne, ta ce shi ne ke wasa a Turai. Ta ce Allah ya jiƙan na farkon. A nan wani tsoro daban ya rufe ni, wanda ba ruwansa da koci ko kwantiragi. Mu mun taso an gaya mana bakin uwa ba ya faɗuwa ƙasa banza. Ina durƙushe ina cewa a zuciyata, ya Allah kada ka amsa, ya Allah ka san ba haka take nufi ba.

Sai salular ta juyo kaina. Babban wanmu ya ce in ɗago fuskata sosai. Ni da kullum ake roƙo in yi shiru, ranar nan sai da aka ce in ɗaga murya. Na ce ni ne mai bokal. Na ce neman suna ne ya kai ni, da son a ce na san ɗan wasa. Wannan ɓangaren bai yi mini wuya ba, don gaskiya ne. Na ce wanda muka sha nono tare wansa ne, kuma ya rasu tun ban yi wayo ba. Na ce ɗan wasan ƙanena ne, na girme shi da shekara shida, a gabana ya yi rarrafe. Na ce Allah ya jiƙan ɗan'uwana. Karo ɗaya aka ɗauka, ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, kuma har yau ina jin kunyar wannan.

Da aka gama Inna ta dafa kafaɗata ta miƙe da ƙyar. Ta ce, "Wancan Allah ya amshi abinai, na yi haƙuri. Wanga ni na ba da shi da bakina. Ku yi ta addu'a kada a kama ni da maganata." Ta shiga ɗaki ta saki labule.

Aka tura. Na koma Badagishiri, da can tsoro ɗaya nake ɗauke da shi, yanzu biyu. Ina tsoron jerin sunaye, ina tsoron wani labarin da ya fi shi. Kullum sai na nemi hotunan atisayensu, ba don in ga ko koci yana yi da shi ba, don in ga yana tsaye da ƙafafunsa. Wata safiya aka rubuta cewa ya yi karo da mai tsaron gida an fitar da shi daga fili. Na zauna a kan dandamalin allo a gaban ɗalibai, na kasa tashi, har sai da na ga wani hoton da aka ɗauka daga baya, yana dariya da filasta a gira.

Masu tsegumin ƙwallo kuwa sun juya kamar ba su ba. Waɗanda suka ce a auna ƙashinsa su ne yanzu ke cewa dama sun san ƙazafi ne, dubi fuskarsa, ai jariri ne. Tsinuwar ta dawo kaina, kuma wannan karon da fuskata. A kasuwa ƴan kabu-kabu sun san ni, in na wuce sai in ji, "Ga mushen ƙarya can." Ban taɓa jin daɗin zagi irin wannan ba, don duk wanda ya zage ni ya yarda ke nan. A unguwa babu wanda ya ce mini ci kanka. Tela dai ya fidda ni daga gurup, ya ce na ɗan lokaci ne.

Wanda ya fi ba ni wuya shi ne baƙon nan na buro. Ya gan ni wata Asabar a bakin tasha, ya tsallako titi, ya kama hannuna da hannu biyu. Ya ce, "Mushe, ban san ka yi rashin ɗan'uwa ba. Yanzu na gane abin da ya ruɗa ka. Allah ya jiƙan shi, Allah ya sa mai ceto ne." Da zuciya ɗaya ya faɗa, idonsa har ya kawo ruwa. Na ce amin.

Jerin ya fito da hantsi. Direkta ne ya ƙwala mini kira daga ƙofar buronsa yana ɗaga salula. Sunan yana ciki, an ƙara masa shekara ɗaya. Na koma aji na sallami ɗalibai su sha iska, na rufe ƙofa, na kai goshina ƙasa na yi kuka kamar an yi mini mutuwa. An ce a Konni ƴan kabu-kabu sun zaga gari suna oda. An ce mai gyaran kabu-kabu ya yi wani bokal mai tsawo yana tuna wa kowa cewa shi dama ya faɗa.

Da kaka ta ƙare ɗan'uwana ya zo hutu, lafiyarsa lau, har ya ƙara ƙiba. Duk tsawon watannin nan bai ɗauki kirana ba. Na jira kwana uku sai da masu zuwa gaisuwa suka ragu, sannan na tafi bayan la'asar. A hanya na shirya abin da zan ce: in fara da tsokanar askinsa, in ya yi dariya sai in roƙi gafara. Na tarar da shi shi kaɗai a zaure, zaune a tabarma yana shafa wa gwiwarsa magani. Na yi sallama.

Ya tashi da sauri, ya sauka daga tabarmar, ya durƙusa, kansa a ƙasa.

"Yaya, sannu da zuwa. Ina wuni? Ina iyali?"

Na duba zauren, babu kowa. Na leƙa waje, babu mai salula, babu ko mai wucewa. Na yi dariyar yaƙe na ce, "Kai, tashi don Allah, mu biyu ne." Na kira shi da sunansa na yanka.

Bai ɗago ba. Ya ce, "Wannan ya rasu, Yaya. Kai da Inna kunka hwaɗi, duniya ta ji."

Shi kuwa yana nan durƙushe yana jira, don ƙane ba ya tashi sai babba ya amsa gaisuwa. Na jira ya yi dariya, bai yi ba. Gwiwar da yake shafa wa magani ita ce a ƙasa, na ga ta fara rawa.

Na ce, "Lahiya lau. Ya hanya?"

Ya ce, "Lahiya lau, Yaya."

Ya kakkaɓe tabarmar ya gyara mini. Na zauna a kai, shi ya zauna a ƙasa.